Kuskuren da Na Toshe wa Baki

Assalamu alaikum. Ni mai rubuta manhajar kwamfuta ne, da wannan sana'a nake riƙe iyalina shekara da shekaru. Abin da zan ba ku labari ya faru ne lokacin da nake ganin na gama ƙwarewa, kuma har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi kamfanin da na yi wa aiki ba, domin laifin nawa ne.

Tun ina yaro ake ce mini mai ƙwaƙwalwa. A aji hannuna ne farkon tashi, a gida kuma duk abin da ya lalace, rediyo ne ko agogo, ni ake miƙa wa. Na ji daɗin wannan suna, har ya zame mini kaya a ka. Na taso ban iya buɗe baki in ce "ban sani ba". In an tambaye ni abin da ban gane ba, sai in ƙirƙiro amsa in faɗe ta da ƙarfi, mutane kuwa su yarda.

Da na fara koyon rubuta manhaja, da Visual Basic 6 na fara. Duk wanda ya taɓa wannan harshe ya san wani layi da ake sawa a saman aiki: On Error Resume Next. Abin da yake ce wa kwamfuta shi ne, in kin ci karo da kuskure kada ki tsaya, kada ki faɗa wa kowa, ki wuce layi na gaba. Ranar da na gano wannan layi na ji kamar an sauke mini dutse. Akwatunan gargaɗin nan da ke fitowa suna kunyata ni a gaban abokai duk suka ɓace. Da na koma PHP sai na tarar da ɗan'uwansa, wato alamar @ da ake sawa a gaban umarni don ta haɗiye saƙon kuskure. Da na koyi C# kuma, sai in kewaye aiki da try, in bar catch, wato wurin da ake rubuta abin da za a yi in kuskure ya faru, fayau babu komai a ciki. Harsuna uku, ɗabi'a ɗaya. A wurina saƙon kuskure tonon asiri ne, don haka aikina in toshe masa baki.

A haka na samu aiki a wani kamfani mai rarraba kaya. Na rubuta musu manhajar tebur da ma'aikatan kanta ke shigar da ciniki, da shafin intanet da masu sari ke duba bashinsu, dukkansu suna ɗiba daga rumbun bayanai guda na MySQL. Ni kaɗai ne mai wannan aiki, babu mai duba abin da na rubuta.

Matsaloli suka riƙa zuwa, irin waɗanda kowane mai wannan sana'a ya sani. Manhaja ta yi aiki lafiya a kwamfutata, a ɗora ta a ta wani ta ƙi buɗewa saboda wani fayil na DLL da babu shi a can. Shafi ya yi aiki a Windows, a ɗora shi a sabar Linux, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, hotuna su ɓace, don Linux tana bambanta babban harafi da ƙarami a sunan fayil, Windows kuwa ba ruwanta. Sunayen mutane masu ƙ da ɗ da ɓ su koma alamar tambaya, saboda rumbun yana kan tsarin latin1 wanda bai san waɗannan haruffa ba, kuma shi ne tsarin da MySQL ke zuwa da shi kafin fitowar 8.0. A danna maɓallin rahoton wata manhajar ta sandare, taga ta yi fari, don na ɗora dogon lissafi a kan sashen da ke kula da fuskar manhajar. Duk waɗannan yanzu na san dalilinsu. A wancan lokaci kuwa lalube nake yi: in canja abu biyar a tare, in matsalar ta tafi in ce na gyara, alhali ban san wanne ne ya yi maganin ba. Sunayen nan ma cewa na yi ma'aikata su daina rubuta haruffa masu lanƙwasa.

Sai aka fara samun giɓi a sito. Kwamfuta ta ce akwai katan 8, a je a ƙirga a tarar da 5. Ba kullum ba, kuma ba a kowane kaya ba, sai a kayan da aka fi saye, a ranakun da ciniki ya yi zafi. Mai kula da siton wani dattijo ne da ya girmi mahaifina ko kuma sa'ansa ne, mutum mai shiru-shiru, Baba muke ce masa duka. Da giɓin ya yi ta maimaituwa, shugaban wurin ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce: "Ina so ka gaya mini gaskiya. Zai yiwu manhajar nan ce ke kuskure?"

Na ce: "Ranka ya daɗe, kwamfuta ba ta ƙarya. Abin da aka shigar shi take bayarwa."

Ban duba ba kafin in ba da wannan amsa. Ko minti goma ban ɗauka na buɗe abin da na rubuta ba. A can ƙasan zuciyata akwai wani abu da ke ce mini in nemi kwana biyu in bincika, amma neman kwana biyu daidai yake da cewa ban tabbata ba, ni kuwa ban saba ba. Bayan 'yan makonni aka sallami Baba. Ranar da zai tafi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana sallama, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka riƙe aikinka da kyau." Na amsa da amin, na koma kujerata. Giɓin bai tsaya ba bayan tafiyarsa. Na ga haka, na yi shiru.

Wata bakwai ko takwas bayan nan ranar tawa ta zo. Wani mai sari ya yi ƙorafin cewa bashin da shafi ke nuna masa bai yi daidai da takardunsa ba. Bambancin kaɗan ne, kuma asalinsa daga wurina yake: na ajiye kuɗi a rumbun da nau'in lamba na FLOAT. Kwamfuta da tsarin biyu-biyu take lissafi, kuma akwai gutsattsarin lambobi da ba sa zama daidai a wannan tsari. Ko yau ka buɗe burauza ka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript, amsar da za ka gani ita ce 0.30000000000000004. In ciniki ya taru, waɗannan 'yan ɓurɓushi sai su fito fili. Maganin shi ne a yi amfani da DECIMAL, ko a ajiye kuɗi da cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar rukuninsa. Ni ban nemi asalin ba. Cewa na yi bari in shiga rumbun da dare in gyara lambar mutumin da hannu, kafin safiya magana ta mutu.

Na shiga rumbun da ake aiki da shi kai tsaye, ba na gwaji ba, don ba ni ma da na gwaji. Na rubuta umarnin UPDATE a layi biyu: na farko yana cewa a mai da bashi kaza, na biyu, mai WHERE, yana cewa na wane. Na ja linzami na haskaka umarnin na danna. Layin farko kaɗai na haskaka.

Da na ga adadin layukan da aka canja, sai na ji kunnuwana sun toshe. Kowane mai sari a rumbun, babba da ƙarami, yanzu bashinsa ɗaya da na wancan mutum. Na rubuta ROLLBACK, umarnin janye abin da aka yi, hannuna na rawa, bai yi komai ba, domin MySQL tana tabbatar da kowane umarni nan take sai in kai ka buɗe ma'amala da kanka tun farko, wato ka ce mata ta riƙe canje-canjen har sai ka amince da su. Kundin da take rubuta canje-canje a ciki, wanda da shi ake iya komawa baya, ban taɓa kunna shi ba. Na ce to, akwai ajiyar ko-ta-kwana, ai kowane dare sabar na kwafe rumbun da mysqldump. Na buɗe jakar. Fayiloli talatin reras, kowanne da kwanan watansa, kowanne girmansa sifiri. Watanni kafin nan na canja kalmar sirrin rumbun, na manta ban canja ta a umarnin kwafin ba. Kowane dare umarnin na kokawa cewa an hana shi shiga, amma ni da hannuna na tura duk saƙonsa na kuskure zuwa /dev/null, ramin da abin da ya shiga ba ya dawowa. Tsofaffin fayiloli masu kyau kuwa na sa ana share su bayan kwana talatin.

Na zauna a gaban allon har aka kira sallar asuba. A daren nan na yi tunanin ƙarya iri-iri: in ce an yi mana kutse, in ce faifan sabar ne ya lalace. Wallahi da na faɗa za a yarda, kamar yadda aka yarda da ni a kan Baba. Fuskarsa ce ta yi ta dawo mini, da hannunsa a cikin nawa. Da safe na shiga ofishin shugaban na ce, "Ranka ya daɗe, na yi ɓarna, kuma ni kaɗai na yi ta." Na zayyana masa komai game da daren. Maganar sito kuwa ban iya ɗago ta ba, na ce wa kaina ai ba ni da tabbas.

Ma'aikata suka shafe makonni suna sake shigar da bashi daga rasitan takarda, suna kaiwa dare saboda ni. Da aka gama aka sallame ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi duhu a rayuwata. Barci ya ƙaurace mini. In na rufe ido lambar nan nake gani. Na rame, ciwon kai ya zame mini abokin zama, da na je asibiti aka ce jinina ya hau. Kwamfutata na sa a jaka na tura ƙarƙashin gado, ko ƙarar kunna ta ba na son ji. Matata ta yi haƙurin da ba zan iya biyanta ba. Wata rana cikin dare ta farka ta same ni zaune, ta ce, "Maigida, ba rashin aikin ne ke cin ka ba. Akwai abin da ba ka faɗa mini ba." A nan na fara ba wani mahaluki labarin Baba. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "To ka je ka duba mana. In manhajar ce, ka san haƙƙin da ke kanka. In ba ita ba ce, ka huta."

Sai dai ban san yadda ake dubawa ba. Shekaru ina cin abinci da sana'ar, amma ban iya bin sawun matsala ba.

Allah ya haɗa ni da wani babba a wannan fage, wanda ya fara rubuta manhaja tun ina firamare. Na je masa da niyyar neman ɗan aiki, na ƙare da ba shi labarina duka. Bai yi mini faɗa ba. Ya jawo wata manhaja da ke faɗuwa ya ajiye a gabana, jan rubutu ya cika allo, ya ce, "Ƙanena, karanta mini." Na fara cewa ina jin matsalar daga wuri kaza take. Ya ce, "Ban ce ka ji ba. Karanta da baki, tun daga harafin farko." Na karanta. Saƙon ya faɗi nau'in kuskuren, ya faɗi sunan fayil, ya faɗi lambar layi, ya jero duk ayyukan da suka kira juna har aka iso wurin. An nemi a yi amfani da wani abu alhali babu komai a cikinsa, wato null. Cikin minti biyar muka gyara. Na fita waje na yi kuka, saboda na gane cewa duk tsawon shekarun nan kwamfutar na gaya mini inda ke mata ciwo, ni ne nake rufe mata baki.

Wata shida na yi a ƙarƙashinsa. Bai yarda a taɓa gyara ba sai an iya sa matsalar ta sake faruwa da gangan, mataki-mataki, a rubuce. In an fara gyara, abu ɗaya ake canjawa a gwada, kafin a taɓa na biyu. Ya sa na sayi littafi ina rubuta abin da nake zato, da abin da na gwada, da abin da ya fito. Ya koya mini tsayar da manhaja a tsakiyar tafiya in leƙa abin da ke cikin kowane ma'aji, maimakon in yi ta hasashe. A shafukan intanet ya nuna mini danna F12 in duba saƙonnin da ke kai da komo: 404 na nufin ba a sami abin da aka nema ba, 403 an hana ka, 500 kuwa sabar ce ta faɗi, amsar tana cikin kundinta, ba a burauza ba. Sau da yawa gyaran da kake rantsuwa bai yi aiki ba ya yi, tsohon fayil ne burauza ta adana take ta nuna maka. Ya kuma sa na koyi Git, tsarin adana tarihin duk canjin da aka yi wa manhaja, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, musamman umarnin bisect da ke raba tarihin canje-canje biyu, ya sake rabawa, har a kama wanda ya kawo ɓarna. Canji dubu, gwaji goma kacal ya ishe ka.

Yana da son ba da tarihi in mun gaji. Shi ya ba ni labarin ƙwaron da ma'aikatan kwamfutar Mark II ta Harvard, inda fitacciyar masaniyar kwamfuta Grace Hopper ke aiki, suka ciro daga cikin injin a 1947. Ya ce in lura da abin da suka yi da shi: manna shi suka yi a littafin aikinsu suka rubuta bayani a ƙasa. Ya ba ni na rokar Ariane 5 da ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda an cusa babbar lamba mai bit 64 a ƙaramin mazubi mai bit 16 da ba zai iya ɗaukarta ba, a wani sashe da aka kwaso daga Ariane 4 ba tare da an gwada shi da sabon yanayin tafiya ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne na masanin kwamfuta Tony Hoare, wanda ya shigo da null cikin harshen ALGOL W a 1965, ya kuma tsaya gaban taro a 2009 ya kira shi kuskurensa na dala biliyan. Mutum mai wannan daraja ya faɗi kuskurensa da bakinsa, ni kuwa na bari an kori dattijo don kada in ce bari in duba.

Wata ranar Asabar na jawo jakar nan daga ƙarƙashin gado. Ina da kwafin tsohuwar manhajar. Na kafa rumbun gwaji, na sa katan 10 na wani kaya, na buɗe manhajar a taga biyu kamar ma'aikata biyu a kanta biyu. Na tsayar da kowacce daidai bayan ta karanta adadin kaya. Ta farko ta karanta 10. Ta biyu ma ta karanta 10. Na saki ta farko, ta sayar da 3, ta rubuta 7. Na saki ta biyu, ta sayar da 2, ta cire daga goman da ke hannunta, ta rubuta 8 a kan bakwai ɗin. Katan biyar sun fita, saura 5 a sito, kwamfuta na cewa 8. Na maimaita sau goma, sau goma haka ta fito. Shi ya sa giɓin ke zuwa a kayan da aka fi saye, a ranar da kantuna suka cika. Gyaran bai wuce layi uku ba: a bar rumbun da kansa ya yi ragin a umarni guda, ko a kulle layin har a gama ciniki. Da an tara rasitan ciniki an kwatanta da abin da ya shigo sito, da an ga babu abin da ya ɓace. Ba wanda ya yi hakan, domin na ce musu kwamfuta ba ta ƙarya.

Na rubuta wa tsohon shugabana takarda, na haɗa da matakan da duk wanda ya bi zai ga abin da idonsa, da gyaran, na kuma faɗi ƙarara cewa Baba bai ɗauki komai ba, amsar da na bayar a ofis ranar nan ban bincika ba na ba da ita. Sannan na nemi inda Baba yake. Sai da na yi kwana uku ina isa kusa ina juyawa.

Na same shi ya ƙara tsufa. Na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini. Kayan nan ba su ɓace ba, aikina ne ya yi kuskure, kuma an tambaye ni na ce ba haka ba." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ni dai na san ban ɗauka ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'ya'yana sun ji an ce ubansu ɓarawo ne." Ya sa aka kira babban ɗansa, ya ce in maimaita a gabansa. Na maimaita. Sannan ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Tashi." Kamfanin sun aiko masa da takardar wanke shi, sun kuma nemi ya dawo, ya ce ƙarfinsa ya riga ya tafi. Shekara guda da rabi da ya yi da wannan tabo ba ni da yadda zan mayar masa da ita, kuma ban daina jin nauyinta ba.

Yanzu ina aiki a wani wuri tare da matasa huɗu a ƙarƙashina. Duk kuskuren da manhajarmu ta ci karo da shi ana rubuta shi a kundi da lokacinsa da inda ya faru, masu tsanani kuma saƙo ke zuwa wayata. Ba na taɓa rumbun da ake aiki da shi sai na buɗe ma'amala, na fara gudanar da SELECT, umarnin da ke nuna bayanai ba tare da canja su ba, da sharaɗin da zan yi gyara da shi na ga layukan da zai shafa, wani kuma na zaune kusa da ni yana kallo. Ranar farko ta kowane wata nakan ɗauki ajiyar daren jiya in zuba ta a wata kwamfuta daban, in buɗe in ƙirga, don fayil mai suna da kwanan wata ya riga ya yaudare ni sau ɗaya. Har yanzu ina shan maganin hawan jini.

Makon jiya ƙaramar cikinsu ta zo ta tsaya a bakin teburina, ta ce rahoton wani abokin hulɗa yana nuna ciniki a ranar da ba a yi shi ba, amma sai wanda aka yi dab da tsakar dare, kuma mutumin ya fara zargin ma'aikacinsa. Ta ce, "Yallaɓai, zai yiwu daga wurinmu ne?" Zuciyata ta raya mini bambancin agogon sabar da na mai amfani, amma ban gani da idona ba tukuna. Na ce mata, "Ban sani ba. Kira shi ki ce kada ya yanke wa kowa hukunci sai ya ji daga gare mu, sannan ki jawo kujera ki buɗe mana kundin."